Tamostan da Aka Sa a Juye

Bayan saukowa daga Masallacin Juma'a Alhaji Isiyaku ya shigo caji ofis, hularsa a hannu.

"An sace mani motar mahaifina," ya ce. "Fijo 404, ita kaɗai ya bar mani."

Sufeto Salahuddeen ya bi shi gidansa a Ƙofar Marusa. Rumfar motar wayam, sai jan ruwa mai tsatsa kwance a ƙasa, da ɓarɓashin tsohon gaskit, irin wanda ake liƙe mahaɗar inji da shi.

"Tana yoyo ne, Alhaji?"

"Ba ta yoyo. Zafi take yi. Kafin in kai Ƙofar Guga ta tafasa kamar tukunyar dambu. Shi ya sa nake mamaki, ina ɓarawo zai kai ta?"

Sufeto ya tsuguna ya murza gaskit ɗin. Wani ya kwance injin a nan kafin ya tafi. Yo wane ɓarawo ne ke gyara mota sannan ya sace?

"Wa ke duba maka ita?"

"Babaji bakanike. Kai, Sufeto, cire shi a lissafi. Tun makarantar allo muke tare, kwano ɗaya muke ci. Shi ke zuwa ya turo ni duk ranar da ta mace a titi."

Daga nan suka wuce bayan Babbar Kasuwa, shagon Mahmud mai kayan gyara. Alhaji ya ce nan ya sayi tamosta, ɗan ƙarfen nan da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya ɗauki zafi.

"Babaji ya gaya wa Alhaji jabu ka sayar mashi," in ji Sufeto.

Mahmud ya miƙe tsaye. "Ni? Wallahi ƙarya ne! Alhaji da kanshi ya zaɓi mai buɗewa da wuri, saboda zafin garinmu. A gabanshi na jefa shi a tafasasshen ruwan mai shayi, ya buɗe baki. Ko ba a yi haka ba, Alhaji?"

"An yi. Kuma ina tsaye Babaji ya sa shi, sifirin ɗin na kallon sama."

"Sama?" Mahmud ya dafe kai. "Innalillahi! Ai sifirin ciki yake kallo, wajen inji. In aka juya shi, zafi ba ya isa gare shi, ruwa ya toshe. Dole ta tafasa."

"Tsohon bakanike zai yi wannan kuskuren?"

"Ko da idonshi rufe ba zai yi ba."

Daga shagon suka nufi garejin Babaji.

Babaji ya tare su da doguwar gaisuwa da jaje, har da goge ido.

"Na sha gaya mashi injin nan ya mutu, ya bar mani ita a nan ya huta," ya ce. "Ya ƙi."

"Tamostan fa?"

"Na cire na yar tuntuni, kamar yadda muke yi a nan. Duk da haka zafi take."

Sufeto ya gyaɗa kai, ya juya wajen Alhaji. "To, sai haƙuri. Yanzu yarana suka kira. An tsince ta a hanyar Jibiya, ta tafasa, injin ya buga."

"Ina! Ba zai yiwu ba!" Babaji ya zabura. "Ni da hannuna na mayar da shi daidai, allurar zafi ko motsi ba ta…"

Sifana ta suɓuce daga hannunsa.

"Ba wanda ya kira ni," in ji Sufeto. "Ina motar?"

Tana bayan garejin, an lulluɓe ta da tamfol. Babaji ya zauna a kan tsohuwar taya.

"Tun zamanin babanka nake kwance ƙarƙashinta, Isiyaku. Kai kana ciki kana ɗaga wa mutane hannu. Na ce in ta ishe ka za ka bar mani. Ka ƙi gajiya."

Alhaji ya matso gabansa. "Na yi kuka a gabanka, Babaji. Na ce amanar mahaifina na mutuwa a hannuna. Ka dafa ni, ka ce sai haƙuri. Ashe kai ne! Ka ci amanata, ka ci ta Baba."

Aka sa wa Babaji ankwa, aka tura shi motar 'yan sanda.

Sufeto ya ce Alhaji ya biyo su da Fijon zuwa ofis. Murɗa ɗaya ta tashi. Suka ratsa cunkoson kasuwa da rana tsaka, allurar zafi na tsaye cak a tsakiya. Rabon da ta yi lafiya haka tun mahaifinsa na da rai.

A ƙofar caji ofis Alhaji ya kashe ta, ya kifa kai a sitiyari.

"Aikin Babaji ne, Sufeto," ya ce yana hawaye. "Ka ji yadda ya iya."