Sunan Baba a Ƙasan Takarda

"Wa ya ba ki izinin sa sunana a nan?"

Baba na tsaye a tsakar gida da takarda a hannu, ni kuwa ina riƙe da muciya, tuwo na neman kamawa. Kallo ɗaya na yi mata na gane ta. Sibin Mahfuz ce, takardar nan da mai neman aiki ke zayyana karatunsa da ayyukan da ya taɓa yi. Ni na tsara masa ita.

"Baba... dama..."

"Dama me, Rukayya? Da Sabitu bai gan ta a shagon buga takardu ya kawo mini ba, sai dai in ji kira daga sama?"

Sabitu ɗan aminin Baba ne, mai sabon gida a Gwallameji. Tun da na ce ba na yi da shi ya mai da sa ido sana'a.

Mahfuz kuwa ya yi shekaru yana tsare wa Baba shagon hatsi a kasuwar Muda Lawal, da safe makaranta, da yamma kasuwa. Da ya gama karatu ya bar shagon ya shiga neman aikin ofis, sannan ya turo maganar aurena. Baba ya ce ba ya ba da 'yarsa ga mai yawo da ambulan a hammata. In babu aiki, babu magana.

Ranar da ya nuna mini sibinsa a zauren gidanmu na Ƙofar Ran, sai da na yi dariya har da ƙwalla. Ko rabin shafi ba ta cika ba.

"Ina shekarun kasuwa?" na tambaye shi.

"Haba sanyin idona, wa ke rubuta yaron shago a takarda?"

"Kamfanin ajiyar hatsi fa kake nema. Wa ke karɓar kaya daga mota? Wa ke gane masarar da ƙwaro ya shiga tun daga bakin buhu?"

Na sa duka aka rubuta. Da muka zo kan masu ba da shaida ya ce malaminsa ya isa. Ni uwar iyawa na ƙara da sunan Baba, Alhaji Mijinyawa, da lambar wayarsa, wai ai ba kira suke yi ba.

Yanzu ga Alhaji Mijinyawan a gabana yana ninke takardar.

"Bari su kira," ya ce. "Gaskiya zan faɗa musu, ba ƙari ba ragi."

Na shige ɗaki na kira Mahfuz ina kuka.

"Na kashe maka aiki da hannuna..."

"Share hawayenki, zuciyata. In abin da Alhaji ya sani a kaina zai hana ni aikin, to dama ban cancance shi ba."

Maimakon in yi shiru, sai ya ƙara mini kukan.

Kiran ya zo ranar Alhamis bayan azahar, Baba na cin abinci kusa da Dada, mahaifiyarsa. Shi dai bai iya amsa waya ba sai ya buɗe murya kowa ya ji. Na laɓe bayan labule.

"Ina wuni Alhaji, sunana Lilian, daga kamfani. Yaron nan Mahfuz, yaya halinshi?"

"Taurin kai gare shi."

Na dafe ƙirji.

"In ya ce buhu bai cika ba, ko ni mai shagon ban isa in sa ya sayar ba."

"Amana fa, Alhaji?"

Baba ya matso da wayar kusa da bakinsa.

"Na yi doguwar jinya, makullin shagona na hannunsa, ko ƙwaya ba ta yi ciwon kai ba. In kuka bar shi ya wuce kun yi asara. Ni dai na yi."

Yana ajiye wayar Dada ta gyara zama.

"To Alhaji, yaron da ka yarda a ba shi rumbun mutane, 'yarka ce ta fi ƙarfin amanarsa?"

Baba ya daɗe yana juya cokali a kwano.

"Dada, ba aikin ne ya dame ni ba. Ɗa na ɗauke shi, rana ɗaya ya miƙo mini makulli ya tafi. Shi ya yi mini ciwo."

Sai ya ɗaga murya.

"Rukayya, ga ƙafarki nan ina gani. Ki ce ya turo manyansa ranar Juma'a, ko sun ɗauke shi ko ba su ɗauke shi ba."

Wayyo daɗi! A wurin na zube, jikina ya yi sakayau kamar an sauke mini tulu daga ka.

Na kira Mahfuz na zayyane masa komai, ina jiran kalaman soyayya. Sai kawai na ji ya fashe da kuka.

"Rukayya... da bakinsa Alhaji ya ce ɗa ya ɗauke ni?"

Na ƙyale shi ya yi kukansa. Yau ɗaya dai na yarda Baba ya sha gabana.