Sanarwa Babu Kwanan Wata

Ranar da Taibatu ta fara taka ƙafa a tashar rediyon Muryar Gulbi da ke Talata Mafara, faɗa ta zo yi. Ta tarar da ƙofa a buɗe, babu maigadi babu kowa, sai wani dogon saurayi durƙushe gaban janareta, hannunsa duk baƙin mai. Ta yi sallama a taƙaice, ta ce manaja take son gani.

Saurayin, Zaharaddini, ya miƙe yana goge hannu da tsumma, ya ce ai ga manajan nan a gabanta, shi ne kuma injiniya, in an matsa ma shi ne mai shara. Ba zolaya yake ba. Tun da Alhaji Bawa mai tashar ya rasu magada suka sa ta a kasuwa, ma'aikata suka watse ɗaya bayan ɗaya. Shi kaɗai aka bar wa makulli, aka ce ya riƙa sakin tsofaffin shirye-shirye daga ƙarfe biyu zuwa shida na yamma, don kada mai saye ya tarar da tasha a mace. Man awa huɗu ake ba shi, saboda haka shida na bugawa yake kashe janareta ko da a tsakiyar magana ne.

Taibatu ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce daga Maradun take. Jiya da la'asar mahaifiyarta, Inna Habiba, tana tsintar shinkafa sai ta ji muryar mijinta a rediyo yana gaishe da mutanen Gidan Goga, mutumin da aka binne shekara uku da suka wuce. Tsohuwar ta saki faranti, har yau da safe ba ta sa komai a bakinta ba.

Ya tambayi sunan mahaifin nata, ta ce Maiwada Gidan Goga. Wa bai san Maiwada ba a shirin Gaisuwar Manoma? Shekara biyu Zaharaddini yana haɗa kiran waya a shirin, kuma da wuya a rufe ba tare da dattijon ya hau tudu ya nemi sabis ya kira ba. Ya yi mata ta'aziyya, ya ba da haƙuri, ya ce ganganci ne ya saki shirin bai saurara ba.

Ta zo da shirin musu, ga shi ba a ba ta abokin musu ba. Ta tsaya tana wasa da bakin mayafinta, can ta ce, "Gaskiya dai faɗan nawa ne. Saƙon Inna daban. Cewa ta yi in da hali a sa mata muryar a waya, ta riƙa ji."

Sai a lokacin ya dube ta da kyau, ya ga idon da ya cika da hawaye amma mai shi ta hana su zuba. Daga nan Malam Manaja bai sake zama daidai ba.

Aikin ba ƙarami ba ne. Shirye-shirye sun fi ɗari bakwai a tsohuwar kwamfutar tashar, babu suna babu kwanan wata, lambobi ne kawai. Kullum da safe ya zauna ya sa abin ji a kunne yana bi ɗaya bayan ɗaya, in ya ci karo da Maiwada ya yanko ya tura mata. Ranar da ya tura na farko ta rubuto masa:

"Malam Manaja, Inna ta saurara har sau huɗu. Ta ce Allah ya biya ka. Ni ma na ce amin."

Ya mayar mata: "Amin ɗinki kawai na karanta yau, Mai Faɗa. Sauran sai gobe."

Kafin wata biyu Malam Manaja ya koma Manajana, Mai Faɗa ta koma 'Yar Baba. Ranar Juma'a, da yake ba a buɗe tashar, yakan hau babur ya nufi Maradun ya gaida Inna, ya samu Taibatu a zaure su yi ta hira kamar sun shekara ba su haɗu ba. Son ta yake yi sosai, kuma ya faɗa mata. Ita kuwa ta ce ba ta iya irin wannan magana ba, amma ya lura ranar Juma'a ce kaɗai take sa lalle.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen Baffa Malami, ƙanin mahaifinta, wanda ya riƙe su tun da rashin tsaro ya taso su daga Gidan Goga. Dattijon ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "Yaro, ba ni ƙin ka. Amma gidan da anka sa kasuwa, ba a ɗaura aure da makullinai. Bari mu ga yadda ta ƙare." Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa hankalin Baffa ya fi kwanciya da Mas'ud, mai shagon taki da maganin feshi a Bakura, wanda ya riga ya fara zarya. Bai tilasta wa Taibatu ba, amma yabon Mas'ud ba ya barin bakinsa.

Ana cikin haka, wata Laraba masu son sayen tashar suka zo duba turken eriya. Zaharaddini, da ya sha alwashin ba zai sake sakin abin da bai saurara ba, ya ga baƙi sun matsa, ya danna wani shirin da bai kai ga saurara ba a gurguje, ya fita zagayawa da su. Shida ta yi yana waje, ya miƙa hannu ya kashe janareta yadda ya saba.

Bai kai ga rufe ƙofa ba waya ta fara ruri. Wannan ya ce Allah sanya alheri, wancan ya ce ashe haka zumunci ya lalace, biki saura kwana uku sai a rediyo za su ji? Ya koma da gudu ya buɗe kwamfutar da ɗan cajin da ya rage. Sai ga muryar Kausar, tsohuwar mai gabatar da Gaisuwar Manoma, tana karanta cewa iyalan Malam Sadi na Talata Mafara da na Alhaji Mukhtar na Bakura suna gayyatar jama'a ɗaurin auren 'ya'yansu, Zaharaddini da Mufida, ranar Asabar mai zuwa. Ba ta faɗi wata ba, ba ta faɗi shekara ba.

Sanarwar gaskiya ce, sai dai ta shekara huɗu. Saura kwana biyu a ɗaura aka karɓo sakamakon gwajin jini, aka ga shi da Mufida duk suna ɗauke da ƙwayar sikila, iyaye suka raba abin cikin mutunci. Mufida ta daɗe da yin aurenta a wani gari. Shi kuwa ya binne zancen, ko Taibatu bai taɓa faɗa wa ba, kullum yana cewa sai ya samu lokacin da ya dace.

Saƙonta ya shigo kafin magariba: "Allah ya sanya alheri, Malam Zaharaddini. Ka gaida Mufida. Don Allah kada ka sake kirana." Ya kira duk da haka, ya ji wayar a kashe.

Washegari da sassafe yana ƙofar gidan Baffa Malami. Baffa bai ko shimfiɗa masa tabarma ba. Ya ce ya ji da kunnensa, kuma ya tambayi Mas'ud, ɗan Bakura, ya tabbatar masa akwai Mufida ɗiyar Alhaji Mukhtar, kuma kowa ya san Zaharaddini a gidan. Mas'ud dai bai yi ƙarya ba, labarin ne bai ƙarasa ba. Zaharaddini ya ce a jira Asabar a gani. Baffa ya ce in Asabar ta zo ba a ɗaura ba, ai sai a ce don asiri ya tonu aka ɗaga. Ya juya ya shige gida.

Haka ya hau babur ya koma Mafara, hanyar da ya saba ci yana waƙa ta yi masa tsawo. Rasa aikin tasha bai taɓa hana shi barci ba, amma rasa Taibatu, kuma a matsayin maƙaryaci, wannan ya fi ƙarfinsa.

Ya tayar da janareta ya sake buɗe shirin ko zai ji wani abu da ke nuna shekararsa. Bayan sanarwar akwai sauran minti shida da bai fita ba jiya, shi ma kuma bai taɓa ji ba, don makon da aka yi shirin yana hutun hidimar biki. Ya saurara. Kausar ta buɗe layin waya, mai kira na farko ya yi sallama, Zaharaddini ya dafe tebur. Da ya kai ƙarshe ya kifa kansa ya yi kuka mai isarsa.

Hannunsa har ya kai kan madannin sakin shiri, ya janye. Sau ɗaya ya taɓa jefa wa Inna Habiba wannan muryar babu shiri, ba zai ƙara ba. Ya kira ƙaramar wayarta, ya gaishe ta, ya faɗa mata komai tun daga gwajin jinin, ya ce ba zai saki ba sai da izininta. Ta ce ya saka da ƙarfe biyu, ita da kanta za ta kai wa Malami rediyon har zaure.

Ƙarfe biyu daidai ya buɗe makirfo, karo na farko cikin wata biyar da aka ji murya kai tsaye a Muryar Gulbi. Ya ce sanarwar jiya tsohuwa ce, laifinsa ne, yana neman afuwar gidan Alhaji Mukhtar da duk wanda abin ya taɓa. Ya ce ga ƙarashen shirin, jama'a su yi wa kansu hukunci. Ya saki.

"Salamu alaikum, Maiwada na, daga Gidan Goga. Na ji sanarwa. Zaharaddini ɗana, ashe haka za mu yi da kai? Kullum kai ka ɗaukar wayata, ko na yi tsawo ba ka taɓa katse ni ba. Ka yi gaugawa, yaro. Da ka yi haƙuri ɗiyata Taibatu ta ƙare makaranta, da ni zan ba ka ita, ko sisi ba ka da. To, tunda ka zaɓa, Allah shi yi albarka. Allah shi ba ka zaman lahiya da duk wadda ta zama rabonka."

Aka ji dariyar Kausar, aka ji ta dattijon, shirin ya ƙare. Zaharaddini ya sa kiɗa ya zauna yana kallon wayar tashar. Ta yi ƙara ya ɗauka, ya ji numfashin mutum kafin magana.

"Malami na. Rabona da jin muryar yayana tun ranar da munka kai shi." Ya tsaya ya gyara murya. "Na zalunce ka da zato, ka yahe mani. Ka turo magabatanka."

Ya ajiye wayar ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka. Bai gama hamdala ba saƙo ya shigo tasa wayar:

"Manajana, Baba ya wanke ka, amma ni da sauran laifi ɗaya a wurina, ɓoye min da ka yi. Ka zo gobe ka ba da haƙuri da bakinka. Kuma kada ka damu da zancen jini, na taɓa yin gwajin, nawa lafiya lau. Taka, 'Yar Baba."

Ya je, ya ba da haƙurin, ta ja masa rai na minti goma cur kafin ta bari ya ga lallen hannunta.

Bayan wata ɗaya aka sayar da tashar ga wata 'yar kasuwa, Hajiya Zakiyya, wadda ta ce mutumin da ya riƙe gida shi kaɗai wata shida ba za ta karɓe masa makulli ba. Amma ko kafin a san haka Baffa ya riga ya sa rana. Shirin ƙarshe da aka yi da tsohon sunan tashar, Zaharaddini ne ya karanta sanarwar aurensa da bakinsa. Ya faɗi rana, ya faɗi wata, ya faɗi shekara ta Musulunci da ta boko, ya sake maimaitawa. A Maradun Inna Habiba ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ranar ɗaurin aure ƙofar gidan Baffa ta cika, har da tsofaffin masu kiran Gaisuwar Manoma daga Janbako da Damaga, waɗanda suka san juna da murya ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Liman ya tambayi waliyyin amarya ko ya bayar. Baffa Malami ya share ido da bakin rawaninsa.

"Ba ni na bayar ba," in ji shi. "Maiwada ya bayar tun shekara huɗu, kowa ya ji. Ni saƙo nika isarwa."

Aka shafa fatiha, aka yi wa ango da amarya addu'ar zaman lafiya da zuri'a mai albarka, aka roƙa wa Maiwada rahama. Zaharaddini ya ce amin, kuma a duk taron babu wanda ya kai shi jan ta.