Mai Neman Ƙanƙarar Farko

Tumaki ne suka haɗa su. Wata Talata ce a tsakiyar watan Mayu, a can kudancin duniya inda sanyi ke zuwa a tsakiyar shekara, kaka ta kusa ƙarewa, itatuwan bakin kogi duk sun zubar da ganye. Greer McAra tana koro garke daga gangare da karnukanta biyu, sai ga wata tsohuwar ƙaramar bas ta tsaya a tsakiyar hanya, tumaki sun yi mata zobe. A saman bas ɗin an ɗaure katakan zamiya a kan ƙanƙara har kashi uku.

Direban ya kashe mota ya jira, abin da baƙi ba su cika yi ba, don yawancinsu hon suke dannawa su tarwatsa mata dabbobi. Saurayi ne dogo, rana ta ƙona masa fuska in ban da zagayen idanu inda tabarau ke zama. Da ta iso kusa ya gaishe ta da ladabi, ya ce sunansa Nikau, ya tambaye ta ko filin zamiya na Dutsen Arrol ya buɗe.

Greer ta ɗaga kai ta dubi dutsen, yana nan baƙi wuluk ko ɗigon fari babu, sannan ta dawo da idonta kansa.

"A kan me za ka yi zamiyar? A kan tsakuwa?"

Ya yi dariya har ya kifa goshi a sitiyari. Ya ce filaye biyar ya zaga tun daga garin Methven, kowanne a rufe, amma an gaya masa akwai wani kwari a bayan wannan dutsen inda dusar ƙanƙara kan riga ko'ina sauka. Koyar da zamiya ce sana'arsa, kuma yana da ɗan shafi a intanet inda yake sanar da mutane filin da ya buɗe tun kafin lokacin sanyi ya kankama. Ba ya rubuta abin da ido bai gani ba, shi ya sa ake yarda da shi.

Ta ce masa tagar kicin ɗinsu ce ke fuskantar kwarin, kullum da safe shi take fara gani. Sai Nikau ya nemi lambarta.

"Saboda ƙanƙara kawai," ya ce, yana kallon gefe.

"Saboda ƙanƙara kawai," ta ce, ta karanto masa lambar.

Washegari tana haɗa shayi saƙonsa ya shigo.

"Barka da asuba, Sarauniyar Taga. Ina Tekapo, nan ma babu komai sai iska. Me dutsenki ya ce yau?"

Ta amsa masa: "Ya ce ka je ka nemi aikin yi."

Haka suka fara. Yana zaga ƙasa daga wannan fili zuwa wancan, har Wānaka, yana kwana a bas ɗinsa, yana aiko mata labarin abin da ya tarar. Wani wurin injinan fesa ƙanƙara sun shimfiɗa siririyar hanya fara a tsakiyar jar ƙasa, wani wurin ƙofar ma a garƙame. Ita kuma ta gaya masa launin sama da inda iska ta dosa. Kafin mako biyu saƙonnin sun daina tsayawa a kan yanayi. Ta san cewa kakarsa ce ta raine shi a bakin teku, ya san cewa tun rasuwar mahaifiyarta su biyu ne a gidan, ita da mahaifinta.

Ranar da kwarin ya yi fari, saƙo ɗaya ta tura: "Sarkin Sanyi, taho." Ya iso kafin azahar. Shi ya koya mata zamiya a lokacin sanyin nan, ita da aka haifa a gindin dutsen amma ba ta taɓa hawa katako ba. Abin da ya fi burge ta haƙurinsa ne. Ta ga yadda yake durƙusawa gaban tsoho ko mai jin tsoro yana gyara masa takalmi, yana masa hira har tsoron ya tafi. A kan ƙanƙara kuwa, idan ya gangaro, kai ka ce ruwa ne ke bin hanyarsa.

Mahaifinta, Dougal McAra, bai ga abin burgewa ba. Ranar Lahadin da Nikau ya zo cin abinci, tsohon ya yanka gasasshen naman rago ya raba, ya tambaye shi inda yake zuwa idan ƙanƙara ta narke. Nikau ya ce Japan, shekara shida ke nan yana bin sanyi daga nan zuwa can. Dougal ya gyaɗa kai ya ci gaba da cin abincinsa har baƙon ya tafi.

A lokacin ne ya zaunar da 'yarsa. Ya ce ba ya ƙin yaron, yana da tarbiyya, amma mutumin da ba shi da adireshi sai lambar mota ba mijin aure ba ne. Ya tuna mata shekarar babbar ƙanƙara, yana saurayi, da ya yi mako uku yana tono gawawwakin tumakinsu da hannunsa.

"Abin da nake roƙon Allah ya kare mu daga gare shi, shi wannan yaron yake roƙon ya zo da wuri. Ta yaya za mu zauna a gida ɗaya?"

"Baba, ba shi yake saukar da ita ba."

"Na sani. Amma shi zai ɗauke ki."

Akwai kuma Fraser, ɗan maƙwabciyar gona, matuƙin helikwafta, wanda Dougal ya daɗe yana yi wa kallon suruki. Fraser ba mugu ba ne, sai dai ya saba samun abin da yake so, kuma tun suna makaranta yake jiran Greer ta waiwaye shi. Da Nikau ya tafi Japan a watan Nuwamba, Fraser ya riƙa zuwa a kai a kai, yau ya kawo kifi, gobe ya zo aron abin da yake da shi a gida.

Greer ba ta waiwaya ba. Saƙonni suna zuwa daga can kullum.

"Abar ƙaunata, yau ƙanƙara ta kai min ƙirji, abin da na yi shekaru ina mafarki. Na tsaya a tsakiyarta ina tunanin ko kin sha shayinki. Wannan ce tafiyata ta ƙarshe. Na nemi aikin dindindin a wani babban fili kusa da Queenstown. Ranar da suka buɗe za su gwada ni. Ina so in zo wa Babanki da adireshi."

Ta karanta shi ya fi sau goma a cikin rumfar askin tumaki.

Ya dawo a watan Afrilu, ya shiga zagayensa na neman filin da zai fara buɗewa. A farkon Mayu ne Fraser ya tare ta a wurin gwanjon dabbobi, ya miƙa mata wayarsa yana murmushi. Shafin Nikau ne. A ƙasan rahoton ranar an rubuta: "Godiya ga Petra tawa, wadda ba ta taɓa barin in kwana ban san halin da dutsenta yake ciki ba." Fraser ya ce ai kowa ya sani, a kowane fili Nikau yana da mai leƙa masa taga.

Greer ta mayar masa da wayarsa. Ta koma gida ta tura saƙo ɗaya: "Ka tambayi Petra daga yau." Ta kashe wayar ta jefa a aljihun tebur. Dougal ya lura 'yarsa ta daina tsayawa a taga, ya kuma lura abincinta yana komawa ga karnuka, amma bai tambaya ba.

Ranar ashirin da shida ga wata ƙanƙara ta sauko, irin wadda ba a saba gani ba sai tsakiyar sanyi. Kwana biyu tana zuba. Rediyo ya cika da murna, manyan filaye suna sanar da cewa za su buɗe ranar Asabar, mako biyu kafin lokaci. A gidan McAra kuwa babu mai murna. Ciwon gwiwa ya hana Dougal gama sauko da garke, tumaki ɗari takwas suna can saman tsauni, ƙanƙara ta kai musu wuya. Fraser ya yi iya ƙoƙarinsa, sau biyu yana tashi da helikwaftansa hazo yana maido shi. Dougal da Greer suka gwada hawa da ƙafa, cikin awa biyu ba su wuce shingen farko ba. Tsohon ya zauna a kan ƙanƙara yana haki.

Da hantsin Asabar suka ji ƙarar mota. Bas ɗin ce, an ɗaura wa tayoyinta sarƙa, ta biyo bayan motar share hanya. Nikau ya fito da abokan aikinsa huɗu, kowa da katakansa da shebur a baya. Bai nufi Greer ba, wurin mahaifinta ya je.

"Mista McAra, na ji tumakinka sun maƙale a sama, kuma a bara Greer ta nuna min inda suke taruwa idan iska ta taso daga kudu. Mu za mu iya isa can. Amma ba mu san tumaki ba, sai ka gaya mana abin da za mu yi."

Dougal ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya tambaye shi ko ba yau ce ranar gwajinsa ba, don ashe tsohon ya san da maganar. Nikau ya ce yau ce. Dougal ya ɗauko sandarsa ya fara zana musu tsaunin a kan ƙanƙara.

Greer ta bi su da katakan da ya koya mata hawa. Nikau ne a gaba, yana tsayawa yana soka sanda yana duba ko gangaren zai iya zaftarewa, yana kauce da su daga inda bai yarda da shi ba. Suka tarar da tumakin ƙungiya-ƙungiya, wasu an rufe su sai hancinsu. Suka tono su, suka cire katakai suka tattake hanya da ƙafa, karnuka na biye suna koro dabbobin a layi. Akwai tunkiyar da ta kasa tashi, Nikau ya saɓa ta a kafaɗa ya sauko da ita har shinge, ya koma. Kwana biyu suka yi a haka. Goma sha ɗaya ne kawai suka mutu.

A rana ta biyu, suna hutawa a bayan wani dutse suna shan shayi daga fulas ɗaya, ya zaro wayarsa ya miƙa mata. Hoton wata tsohuwa ce mai furfura da tabarau, riƙe da ludayi a gaban katuwar tukunyar miya.

"Petra ke nan. Shekararta saba'in da ɗaya, ita ke dafa wa ma'aikata abinci a wani filin zamiya. Ta ce in gaya miki ta gode da kishin, rabonta da shi tun mijinta na da rai."

Greer ta rufe fuska da safar hannunta. Dariya take yi da kuka a haɗe. Ta ce ya yafe mata, ta jawo masa asarar aiki a kan shirme. Ya ce ba ita ta jawo ba, ko da ba za ta sake yi masa magana ba har abada da sai ya zo.

"Masoyiyata, filaye za su sake buɗewa baɗi. Ke ce ba ni da wata."

Aikin Queenstown ya wuce, an bai wa wani. Amma labarin ya zaga kwarin kaf, kuma Fraser da kansa, wanda yake cikin kwamitin kulob ɗin da ke tafiyar da filin zamiyar Dutsen Arrol, shi ya kawo shawarar a ɗauki Nikau ya riƙa kula da filin duk shekara. Ya zo har gida ya ba Greer haƙuri, hularsa a hannu. Shi kuwa Dougal bai yi dogon bayani ba. Wata safiya ya miƙa wa Nikau ɗan kwikwiyo, ya ce wanda zai zauna a nan dole ya mallaki karen kansa.

An ɗaura auren a watan Maris, a cikin rumfar askin tumaki da aka share aka ƙawata da reshen itatuwa. Dangin Nikau suka zo daga bakin teku mota-mota, suka haƙa rami suka dafa nama da dankali a kan duwatsu masu zafi, ƙamshi ya cika gonar. Petra ta zo da kek hawa uku. Kakar Nikau, 'yar tsohuwa mai murya kamar ta matashiya, ta yafa wa ango da amarya mayafin gashin tsuntsu da ta gada daga uwarta, ta yi musu addu'a da harshen Māori, yaren kakanninsu, har mazan da ke tsaye a baya suka sunkuyar da kai.

Da aka kira uban amarya, Dougal ya miƙe da takardar jawabin da ya yi mako guda yana rubutawa. Ya buɗe ta, ya gyara murya, ya dubi 'yarsa. Sai ya ninke takardar ya mayar aljihu. Ya tako a hankali da gwiwarsa mai ciwo, ya kama hannun Greer ya ɗora a kan na Nikau, ya rufe su da nasa.

"Ga ta nan, ɗana. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa ku tsufa tare a wannan gida."

Rumfar ta amsa da amin. Greer ta jingina kanta a kafaɗar mijinta, ɗaya hannun nata yana riƙe da na mahaifinta, ba ta saki ko ɗaya ba har aka fara kiɗa.