Muryar Aro

"Sake!"

Karo na goma sha ɗaya ke nan da Darakta ya faɗi haka.

Na ɗago na dubi Mai Sauti ta cikin gilashin da ya raba ɗakin ɗaukar murya da teburinsa. Idanunsa sun yi ja, yatsunsa na kan maɓallai, ya ƙi kallona.

"Kalma huɗu ce fa!" Darakta ya ce, yana buga takarda a cinyarsa. "'Na yarda da kai.' Shi ke nan! Me ya same ki yau?"

A allon da ke gabana fuskar Tauraruwa ce, bakinta a buɗe, tana jirana. Shekara uku ke nan ina ara mata murya. Ita ke da fuskar da jama'a ke rububi, amma muryarta siririya ce, ba ta ɗaukar kuka. Ita ta motsa baki, ni in zuba magana. Babu wanda ya sani sai mu huɗu.

"Ba zan iya ba..."

Na cire abin kunne na ajiye. Kafin in kai ƙofa, Mai Sauti ya riga ni.

"Muryata, tsaya mana."

"Kada ka ƙara kirana da wannan sunan!"

"Kwana biyar ina kiran wayarki..."

"Wayar tana hannun Baba. Ai ka fi kowa sanin dalili."

A ɗakin nan muka fara. Jarumin fim ba ya zuwa ranar ɗaukata, don haka Mai Sauti ke karanta mini layin namiji don in samu abin amsawa. Kullum ya ce yana sona a takarda, in ce ina son sa a takarda. Wata rana ya faɗi wata magana, na duba shafin sama da ƙasa ban gan ta ba. Na ɗago, na tarar yana murmushi.

Yau ko ganinsa ba na son yi.

Kwana biyar da suka wuce aka turo wa Baba wani sauti ta waya. Muryata da ta Mai Sauti, an yanke an haɗa, an cire duk abin da zai nuna fim ne. Ni ce nake cewa zan gudu da shi, in bar gidan ubana. Baba tela ne da ido ya gaza masa, kunne kuwa ko allura ta faɗi sai ya ji. Shi a saninsa buga takardu nake yi a kamfani. Ya saurara sau ɗaya, ya kifa wayar, bai ƙara yi mini magana ba. Da ƙyar Yaya ya roƙe shi in zo in ƙarasa aikin da na ɗauka, shi ma da sharaɗin ya rako ni.

"Kai kaɗai ke da sautin nan a kwamfutarka," na ce. "Kai kaɗai!"

Ya dafe kai.

"Na ba mutum ɗaya."

"Wa?"

"Tauraruwa. Ta ce za ta riƙa gwada bakinta da shi."

"Kai kuma ka ba ta?"

"Ranar ce ta ji na roƙi Darakta ya sa sunanki a fim ɗin nan. Dariya ta yi, har ta ce ya kamata... Wallahi ban kawo komai a raina ba, masoyiyata."

Darakta ya yi tari, ya hau gyara takardun da ba su hargitse ba.

Na fice. Yaya na jingine a baranda, ya ga fuskata bai tambaye ni komai ba.

Washegari na kasa zama. Na share tsakar gida sau biyu. Na ɗora ruwa na manta, har tukunya ta ƙone. Umma ta bi ni da ido.

"Ke, in ƙasa kike son haƙawa, ga fartanya can."

Da hantsi aka yi sallama.

Ko cikin kasuwa zan gane muryar nan.

Na leƙa ta labule. Mai Sauti ne durƙushe a ƙofar ɗakin Baba, rungume da ƙaramar lasifika kamar jariri.

"Kai ne na cikin wayar," Baba ya ce, ba tambaya ba.

"Ni ne, Baba."

"Ban haife ka ba. Tashi ka fita."

"Zan fita. Amma don Allah ka ba ni minti uku. Ka ji rabin magana, na kawo maka sauran."

Mai Sauti ya kunna lasifikar.

Muryata ta cika tsakar gida: "Ka tafi da ni, ko'ina ne..." Na toshe baki. Sai ga atishawa, tawa, mai ƙarfi. Sai dariyata. Sai Darakta yana ihu: "Yanke! Ke, wa ya taɓa gudu da saurayi yana atishawa? Shafi na tara, a sake!"

Yaya ya fashe da dariya, Umma ta make masa kafaɗa.

Baba bai yi dariya ba.

"Ke! Fito."

Na fito, na durƙusa nesa da Mai Sauti.

"Kin ɗauka maganar gudu ce ta dame ni?" Baba ya ce. "Na san abin da na haifa. Ko kasuwa ba kya zuwa ba ki faɗa ba. Shekara uku! Shekara uku ina zaune gaban talabijin ɗin nan ina jin muryar 'yata tana fita daga bakin wata. Kullum in ce yau za ta gaya mini. Kullum ki shigo ki ce, 'Baba, yatsuna sun gaji da buga takarda.'"

Na ɗago na dube shi.

"Baba... ka sani?"

"Ido na rasa, ba kunne ba."

Kuka ya ƙwace mini, na gaske, ba irin wanda ake ce mini in sake ba.

"Tsoro na ji, Baba. Na ɗauka za ka hana ni."

"Da na hana ki. Sati guda, ko biyu. Sannan uwarki ta dame ni in bari." Ya juya wajen Mai Sauti. "Kai kuma. Wa ya yanka maganar nan ya turo mini?"

"Wadda take ara wa murya. Amma daga hannuna ta samu. Sakacina ne, Baba."

"Yanzu me za ku yi?"

"Jiya na ce wa Darakta ko sunanta ya fito, ko ya nemi wani mai sauti. Tauraruwa ta ce in ya fito ta bar kamfanin. Har yanzu bai zaɓa ba."

"In ya zaɓe ta fa?"

"Sai mu nemi wani ɗakin, ni da... ni da ita. In ka yarda."

Baba ya lalubo zaren da ke gefen tabarma ya naɗe a yatsa, ya warware, ya sake naɗewa.

"Ka ce wa Daraktan naka, in zai rubuta, ya rubuta cikakke, har da nawa a ƙarshe. Ban haifi 'yar ɓoyo ba."

"To, Baba."

"Yanzu ka kira ni da shi sau nawa?"

"Sau... uku."

"To ka je ka turo wanda ya haife ka, mu ji ko ya yarda mu raba."

Umma ta saki ajiyar zuciya. Yaya ya ɗaga hannu sama kamar shi aka ba mata.

Mai Sauti ya miƙe a rikice, ya bar lasifikarsa, ya sa takalmin Yaya ƙafa ɗaya. Na bi shi da lasifikar har soro.

"Muryata..."

"Ban gama fushi ba."

"Na sani. Zuwa yaushe?"

"Ban yanke ba tukuna."

"Zan jira, hasken raina."

Daga ciki Baba ya ɗaga murya:

"Ina jin ku fa!"

Na tura masa lasifikar a ƙirji, na ruga ciki ina dariya, hawaye bai ko bushe a fuskata ba.