Badon Waya

Jini na ɗiga daga yatsun Meram, amma ba ta saki wayar ba. Marainiya ce, tana zaune a Nguru gidan baffanta Dunoma, farke ne da ba ya mako guda a gida. Matarsa Gaji ita ke riƙe da ita, in dai wannan riƙo ne! Surfe, ɗiban ruwa, wanki, sannan zagi. In rana ta karya sai Meram ta tsinto guntayen waya da 'yan dako ke kwancewa daga dilolin kaya a tashar jirgi, ta lanƙwasa, ta naɗe da zare, sai ga furen bado kamar yanzu aka ciro shi daga kogin Gashuwa. Mahaifiyarta ce ta koya mata. Zaren kuwa daga farin zanen saƙi na marigayiyar take warewa, abin da ya rage mata ke nan a duniya... Kowane fure sai ya ci zanen.

Gaji ta gano ana son furannin, ta riƙa ƙwacewa tana ba masu zuwa kasuwar Gashuwa su sayar mata. Ranar da zanen ya koma kamar tafin hannu, Meram ta durƙusa. "Inna, don Allah ki bar mini wannan ɗayan, ƙamshin Ummata na jikinsa..."

"Ƙamshin uwarki zan ci? Kawo!"

Meram ta kifa kai a turmi tana kuka. "Ya Allah, ko mutum ɗaya nawa Ka nuna mini!" Ba ta san kakarta ta wajen uwa, Hadijatu, tana raye a Gashuwa ba. Gaji ta ce mata tsohuwar ta mutu, ta kuma aika wa tsohuwar cewa ƙyanda ta kashe yarinyar, don kada ta rasa baiwa.

Ba a yi wata ba sai ga sallama. Tsohuwa ce, ƙafafu a kumbure, furen nan a hannunta, ta biyo sawunsa tun daga kasuwar Gashuwa. Dunoma na gida ran nan.

"Wa ya yi wannan?" in ji tsohuwar.

"Ni mana, Iya," Gaji ta ce.

"Ke? Zaren nan kaɗin hannuna ne, ni na ba 'yata zanen. Nuna yatsunki!"

Yatsun Gaji sumul, sai lalle. Tsohuwar ta waiga, ta ga wata yarinya a bakin murhu tana ɓoye hannu a baya. Ta jawo hannun... duk tsaga.

"Meram? Wayyo Allah! An ce mini kin mutu!"

"Kaka, ni ma haka aka ce mini!"

Dunoma ya share hawaye da hannun riga, ya dubi Gaji. "Kin binne rayayyu biyu da bakinki. Tattara kayanki, ki tafi gidanku."

A hanyar Gashuwa Meram ta fito da ƙyallen da ya rage. "Kaka, ya kusa ƙarewa."

Tsohuwar ta shafa kanta. "Ajiye shi, 'yar nan. Mazarina na nan, ni ma ina nan."