Buhunan da Na Jera a Bakin Rafi

Tafkinmu mafita ɗaya gare shi, wani siririn rafi da ke bi ta bayan gidana ya gangara gonakin mutanen kwari. Da rani ya tsananta sai na toshe shi da buhunan yashi, don albasata ta sha. Mutanen kwari suka yi ta zuwa magiya, ina fatattakarsu. Malalatan banza, su haƙa rijiya mana!

Ran nan bayan magariba na je duba buhunan, na tarar da wani tsoho tsugune a kansu. Kwaɗi sun yi tsit. Wurin sai warin laka, irin ta can ƙasa wadda ba ta taɓa ganin rana ba.

"Kai ka rufe nan?" Yana magana kamar da ruwa a bakinsa.

Na ja tsaki. "Au, yau tsoho suka turo? Baba, koma ka ce musu ko ɗigo ba za su gani ba."

"Ba daga kwari nake ba, yaro."

Na dalle shi da tocila don in ga fuskar maroƙin. Rigarsa sharkaf, ƙananan katantanwa manne a gemunsa. Sawunsa kuwa daga cikin tafkin ya fito.

"Mu ba ruwa muke nema ba," ya ce. "Hanya muke jira. In babu ta nan, sai mu bi ta ɗakin 'ya'yanka."

A bayansa kawuna suka fara ɓullowa daga ruwan, a layi.