Katakon Gidan Gwaggo Zuna

Ranar da kafintoci suka kafa taga ta ƙarshe, Dilshada ta dafa shayin gishiri ta hau da shi bene, don su sha a sabon ɗaki ita da mijinta Manzur da 'yarsu Insha, mai shirin shiga jami'a. Magariba ta kawo jiki, masallatan tsohon birnin Srinagar suna ta kira ɗaya bayan ɗaya. Ƙamshin katakon deodar, itacen kan duwatsu mai tsada, ya cika ɗakin. Suna cikin sha, sai taga ta buɗe da kanta, a hankali, alhali an zura mata sakata.

Manzur ya tashi ya rufe. Juyawar da zai yi, ta kusa da ita ta buɗe. Ko ganye ba ya motsi a waje.

Tun bazara suke ja-in-ja a kan tagogin nan. Shi Manzur na roba yake so, irin waɗanda ake yi wa launin katako da zanen gargajiya, ba sa ruɓewa, sanyi ba ya ratsa su.

"Daga titi wa zai gane, Maman Insha?"

"Ni zan gane. Matan unguwa ma sai sun ƙwanƙwasa sun ji. Gidan kakanninka za ka liƙa wa robar bokiti a fuska?"

"To, sarauniya, ina za ki samo busasshen deodar a zamanin nan?"

Ta san inda yake. Rufin gidan mahaifinta na ƙauye, wanda ya faɗo mata gado, dukkansa da shi aka yi. Ta ce wa Manzur ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Zuna, ta koma wajen dangi, gida ya zama kango. Tsohuwar kuwa tana nan a ɗakin ƙasa. Dilshada ta tura ma'aikata suka kwashe katakon, ta ce a shimfiɗa wa Gwaggo leda a sama kafin ta aiko da kwano. Lokacin kaka ya shigo da ruwansa, kwano bai tafi ba. Kullum sai ta ce gobe.

Daga wannan yammaci, duk magariba sai tagogin sun buɗe. Sai ruwa ya fara tsattsafowa daga jikin katakon, mai sanyin da ke ƙona yatsa, ko da an wuni ana rana. Insha ta daina cin abinci. Ta koma zama a ƙarƙashin taga, an lulluɓe ta da barguna, ga kaskon garwashi a cinyarta, amma haƙoranta na haɗuwa. Likita ya duba bai ga komai ba. Wata rana Dilshada ta kai mata miya, yarinyar ta ɗago ta dube ta da idon da ba nata ba.

"Rufe mu," ta ce da wata murya mai kauri. "Ana jiƙa mu."

Dilshada ta gane. Ta sauko ta wanke kwanon miyar, ta sake wanke shi, ba ta faɗa wa kowa ba.

Manzur ne ya ɗauko Pir Nizamuddin bayan la'asar, dattijon malami mai raunin gani. Ya zauna gaban yarinyar ya yi ta karatu, ba gaggawa, har hasken ɗakin ya fara ja. Insha ta sandare, Pir ya ce:

"Na haɗa ka da Wanda ya halicce mu ya halicce ku, wane ne kai?"

"Maƙwabci. Musulmi kamarku. A cikin katakon nan muke tun ba a haifi uban matar nan ba."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ba ta yi komai ba. Sai na taɓa nan uwarta take ji."

"A mayar maka da katakonka, ka tafi."

Wata busasshiyar dariya ta fito daga bakin Insha. "An yanka, an fere, an yi masa furanni. Ya koma rufi? Mu ko a kogon dutse ma kwana. Tsohuwar fa? Ita ce ke mana sallama duk sanda ta kunna fitila. Yanzu tari take, ruwa na zuba a kan shimfiɗarta."

"Wace tsohuwa?" in ji Manzur.

Ya juya ya dubi matarsa, ya daɗe yana dubanta.

"Gwaggo," Dilshada ta ce. "Ba ta je ko'ina ba, Baban Insha. Ƙarya na yi maka."

"Ina nan a jikin yarinyar sai an ɗora rufi," in ji muryar.

"A'a," Pir ya ce. "Ba ka da ikon riƙe marar laifi jingina. Yanzu za ka fita, ni ne shaidar alkawari."

Ruwa na ɗiga a kan darduma, muryar ta sake fitowa.

"To, kafin dusar ƙanƙara ta sauka. Kuma ba aike ba. Ita da ƙafarta."

Tagogin suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Insha ta yi atishawa mai ƙarfi, ta kife a jikin ubanta, ta ce yunwa take ji.

Washegari Dilshada da Manzur suka bi motar kwano zuwa ƙauye. Sun tarar leda ta yage ta gefe, an jera tukwane a ƙasa suna tarar ruwa, Gwaggo Zuna na dunƙule a lungun da ya rage busasshe, ta rame har wuyanta ya fito. Da ta ga mai shigowa sai fuskarta ta washe.

"Lale da ɗiyar yayana!" Tari ya sarƙe ta, ta jira ya wuce. "Zo nan, kar ki taka ruwa. Ma'aikatan sun ce tagogi za ki yi. Na ce madalla, gara a gidanki da ya ruɓe a kaina. Sun yi kyau kuwa?"

Dilshada ta durƙusa cikin ruwan, ta kama ƙafafun tsohuwar. Sanyinsu ya ratsa tafin hannunta.

"Faɗa mini mana, 'yar nan," Gwaggo ta ce tana shafa kanta. "Sun yi kyau?"